Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Fim Ɗin Kisa Ya Iso Ɗakin Yaranmu

Duk lokacin da aka ji labarin wani mummunan kisa a rediyo ko a waya, ba a rasa wanda zai ce fina-finai ne suka lalata yaran yanzu. Na sha jin wannan magana a taron iyayen ɗalibai, na kuma ji ta a bakin ƴan uwana malamai. Ni malamin firamare ne a nan Dakoro, kuma fiye da shekara 20 ke nan ina tara faya-fayan fim, na Hausa da na Indiya da na Amurka, har da irin waɗanda ake zargin, wato na makasa masu yi wa mutane ɗauki ɗai-ɗai. Shi ya sa nake so mu bi tarihin abin tun daga tushe, domin wanda bai san ta inda ɓarawo ya shigo ba, ba zai san ƙofar da zai gyara ba.

Lokacin da fim yake da ƙofa

Iyayenmu sun fara ganin hoto mai motsi ne a majigi, a fili, gari duka a zaune. Daga baya aka gina gidajen sinima a manyan birane. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakar kallo, mutum fiye da 300 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Tun daga nan sunan sinima bai yi kyau ba a ƙasar Hausa, ana ganin ta a matsayin matattarar ƴan iska.

A nan Nijar muna da namu tarihin. Oumarou Ganda ya yi Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, fim ɗinsa Le Wazzou polygame kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Amma ɗan Dakoro na wancan lokaci sai ya yi tafiyar kilomita fiye da 100 zuwa Maraɗi kafin ya ga allon sinima.

Abin lura a wannan zamani shi ne fim wuri ne. Yana da katanga, yana da ƙofa, yana da mai sayar da tikiti. Yaron da ya shiga, wani ya gan shi, kuma kafin ya dawo gida labari ya riga shi.

Zamanin kaset da gidan kallo

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, amma mu ƴan karkara sai a shekarun 1990 muka saba da shi. Wanda ya girma a lokacin ba zai manta da gidan kallo ba: shingen zana ko ɗakin ƙasa, bencina, tele guda a kan tebur, gurup yana ruri a waje, ga allo a bakin ƙofa an rubuta fim ɗin yau da alli. Da dala biyar muke shiga. Rambo ne, Commando ne, ƴan kareti na Hong Kong ne, sai Indiya mai tsawon awa 3.

A daidai wannan lokaci aka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990. A kudancin Nijeriya kuma Living in Bondage ya fito a 1992, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Wannan fim ya buɗe ƙofar fina-finan matsafa da ƴan shan jini, kuma su ne fina-finan kisa na farko da suka tsorata mu da gaske, saboda fuskokin baƙar fata ne irin namu, ba Turawa ba.

Hanyar kayan sananniya ce. Daga kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, kaset ya biyo Katsina da Jibiya, ya tsallako ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga nan ya hau motar Dakoro tare da atamfa da batir da sabulu. Kafin ya iso an kwafe shi sau uku ko huɗu, hoton ya dushe, sautin yana rawa.

Gidan kallo ba wurin tarbiyya ba ne, kuma iyaye suna da dalilin ƙin sa. Amma akwai abin da ya kamata mu tuna game da shi. Ba a kallo a cikinsa shiru. Mutum 50 ne a zaune, ana ihu, ana zagin bos, ana yi wa akta kirari. Idan jini ya yi yawa wani zai ce jan fenti ne, a fashe da dariya. Wanda ya ɗan iya Faransanci ko Turanci yana fassara wa na kusa da shi. Mai gidan kallon ɗan unguwa ne, an san ubansa, kuma idan dattijai suka kira shi suka ce ya daina sa wani fim ko ya daina barin ƙananan yara, dole ya ji. Tsoron da yaro ya kwasa a ciki, a hanya yake sauke rabinsa wajen gardama da abokai.

Faifai ya shiga ɗaka

An tsara faifan VCD a 1993, DVD kuma ya fito a Japan a 1996. Mu a nan sai a farkon shekarun 2000 suka yawaita, lokacin da na'urorin China masu araha suka cika kasuwa. Faifan VCD yana ɗaukar kimanin minti 74 ne kawai, shi ya sa fim ɗin Amurka mai awa 2 yake zuwa a faifai biyu cikin kwali ɗaya.

Faifai ya canza abubuwa uku. Na farko, fim ya bar shingen zana ya shiga ɗaka. Matan aure da ba sa zuwa gidan kallo suka samu rabonsu, na'urar faifai ta fara shiga kayan ɗakin amarya, fina-finai irin su Sangaya da Wasila suka zagaye gidaje. Na biyu, kwafi ya zama abu mai sauƙi, hoton ba ya dushewa kamar na kaset, sai satar fasaha ta bunƙasa. Na uku shi ne wanda ya fi shafar zancenmu: faifan DVD mai fim 10 ko 20 a ciki. Masu buga su sukan matse fina-finai da yawa a faifai ɗaya, su jera ƙananan hotuna a bayan kwali. Uba ya saya don Jackie Chan, bai san cewa na 7 a jerin labarin mai yanka mutane ba ne. A cikin tarin da nake da shi akwai irin waɗannan da dama, wasu ma an haɗa fim ɗin dariya da na kisa a faifai guda.

A Kano hukuma ta yi ƙoƙarin kafa shinge. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Amma wanda hukumar ta fi iya kamawa shi ne furodusan Hausa da ke da ofis da suna. Faifan da aka buga a Legas ko a Asiya, ya ratso iyaka ya iso Dakoro ko Kornaka, bai bi ta teburin kowa ba.

Wane ne wannan makashi?

Irin fim ɗin da nake magana a kai daban yake da fim ɗin yaƙi ko na kareti. Labari ne na mutum ɗaya da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ba don kuɗi ko gaba ba, ɗan sanda kuma yana bin sawunsa. Tsohon salo ne. Fritz Lang ya yi fim mai suna M a Jamus a 1931, a kan mai kashe ƙananan yara. Alfred Hitchcock ya yi Psycho a 1960. Amma abin ya zama kasuwa ne sosai bayan The Silence of the Lambs na 1991, wanda ya lashe manyan kyaututtukan Oscar guda 5, sai Se7en na David Fincher a 1995, sai Saw a 2004 da jerin da suka biyo shi. Koriya ta Kudu ta yi Memories of Murder a 2003, a kan wasu kashe-kashe na gaskiya da ba a gano mai yin su ba sai a 2019. Indiya ma ta shiga sahu, da Raman Raghav 2.0 a 2016 da Ratsasan a 2018, wanda labarinsa a kan mai sace ƴan mata ƴan makaranta ne.

Idan ka jera waɗannan fina-finai bisa shekarunsu za ka ga wani sauyi. A fim ɗin 1931 makashin abin ƙyama ne kuma abin tausayi, gumi yake yi, gudu yake yi. Zuwa shekarun 1990 ya zama mai ilimi, mai natsuwa, wanda ya fi ƴan sanda wayo. A Se7en shi ne ya tsara ƙarshen labarin, kuma yadda ya tsara haka aka yi. Yaron da ya saba da akta yana gamawa da bos, sai ga shi yana kallon fim ɗin da bos ne mai basira. Wannan darasi ne, ko da ba a faɗe shi da baki ba.

Shin fim yana sa yaro kisa?

A makarantar horar da malamai an koya mana gwajin Albert Bandura na Jami'ar Stanford. A 1961 ya sa ƙananan yara suka ga babban mutum yana dukan wata ƴar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai da yawa suka kwaikwayi dukan. A 1963 ya maimaita da hoton fim, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya. Duk malamin da ya taɓa tsayawa a filin makaranta lokacin hutu ya ga haka: aka kalli kareti da dare, da safe ƙafafu ne ke tashi sama. Amma daga dukan ƴar tsana zuwa ɗaukar rai akwai tazara mai nisa, kuma gwajin Bandura bai nuna an tsallake ta ba.

Ingila ta yi wannan muhawara kafin mu. A 1984 ta yi dokar da ta tilasta tantance kowane kaset kafin a sayar. A watan Fabrairu na 1993 wasu yara biyu ƴan shekara 10 suka kashe wani yaro ɗan shekara 2 a yankin Liverpool. Alƙalin ya ce yana zargin fina-finan tashin hankali suna da hannu, jaridu suka ɗora laifin a kan wani fim mai suna Child's Play 3. Ƴan sandan da suka yi binciken sun ce ba su samu shaidar cewa yaran sun kalle shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne gidajen da suka fito a hargitse suke, kuma sun daɗe suna gudun makaranta.

Mu dubi namu. A watan Oktoba na 1991 aka kashe Fulani fiye da 100 a Toda, a nan jihar Maraɗi, galibi mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya. A lokacin ba a ma ƙirƙiri faifan VCD ba. Ƴan bindigar da suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji a ƴan shekarun nan, neman shanu da kuɗin fansa ne ya kawo su. Wanda ya ɗora wa fim wannan jini ya sauƙaƙa wa kansa ne, ya bar maganar gona da burtali da talauci da makamai.

Wannan ba ya wanke fim ɗin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Illar tana nan, sai dai ba a inda muke nema ba.

Ta farko ita ce tsoro. Wani masani a Amurka, George Gerbner, ya shafe shekaru yana nazarin masu yawan kallon talabijin, ya gano cewa sukan ɗauki duniya ta fi yadda take haɗari, su rage yarda da mutane. Na ga alamar haka a aji: yarinyar da ke gyangyaɗi da safe don ta kasa barci, yaron da ba ya yarda ya fita bayan gida da dare. Dakoro kuwa gari ne na baƙi. Ranar kasuwa Bafulatani da Buzu da Bahaushe ne ke cuɗanya, wasu daga Bermo, wasu daga kwarin Tarka, fuskokin da ba ka taɓa gani ba. Garin da ya koya wa yaransa cewa kowane baƙo mai yankan kai ne, wata rana jita-jita kaɗai za ta sa a taru a kan marar laifi.

Ta biyu ita ce fim yana nuna wa yaro haɗari a inda ba ya nan. Hukumar FBI ta Amurka, a rahoton da ta fitar bayan wani taron masana a 2005, ta ce irin wannan kisa bai kai kashi 1 cikin 100 na kashe-kashen da ake yi a shekara ba, kuma ta ƙaryata cewa masu yin sa wasu haziƙai ne na musamman. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuka ya ƙiyasta cewa cikin mata 87,000 da aka kashe a duniya a 2017, kashi 58 cikin 100 miji ko saurayi ko dangi ne suka kashe su. Mu malamai ba mu manta da yarinya ƴar shekara 5 da aka gano gawarta a Kano a watan Janairu na 2022 ba. Mai makarantar da take zuwa ne ya sace ta, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na shekarar. Ta bi shi ne don ta san shi.

Ta uku ita ce ado. Matashin da ba shi da aiki, ba shi da mai saurarensa, yakan ari suna da kama daga abin da ya gani yana da kwarjini. Aïcha Macky ta nuna haka a fim ɗinta Zinder na 2021, a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, inda wata ƙungiya ta sa wa kanta sunan Hitler. Talauci da wariya ne suka haifi ƙungiyar, hoton waje kuma ya ba ta riga.

Memori ya share ƙofar

Faifai bai yi dogon zamani ba. Daga wajajen 2010 wayar salula mai bidiyo da katin memori suka fara cin kasuwarsa. Mai sayar da faifai ya koma mai tura fim, da kwamfuta a kan tebur da igiyoyin caji. Fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da ita, ta kawar da shingen harshe. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan masu shirya fina-finan Hausa suka koma YouTube da dogon zango irin su Izzar So a 2020. A watan Satumba na 2021 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa. Umarnin ya hau kan furodusa, amma bai isa katin da ke cikin aljihun yaro ba.

Ku duba abin da ya ɓace a hanya. Sinima tana da mai tikiti. Gidan kallo yana da taro da mai gida. Faifai yana da kwali da hoto, wani lokaci har da lambar shekaru, 15 ko 18, kuma tele ɗaya ce a gida, duk wanda ya gitta zai ga abin da ake kallo. Memori ba shi da kwali, bai kai farcen yatsa girma ba. Yaro yana kwance cikin gidan sauro, abin sauraro a kunne, shi da makashin su biyu, babu mai ce masa jan fenti ne.

Kakanninmu ma sun tsorata mu. Dodon tatsuniya yana cin mutane, yana haɗiye gari guda. Amma kaka ce ke ba da labarin, kana jingine da ita, idan ta ga idonka ya fito sai ta sassauta, kuma ba ta tashi sai ta kai ƙurunƙus. Tsoro ne mai rakiya. Abin da shekara 30 ɗin nan suka ɗauke wa yaranmu shi ne rakiyar.

Abin da ya rage mana

Ba na ba da shawarar ƙwace waya a farfasa, don gobe zai kalla a ta abokinsa, kuma ya daina gaya maka komai. Ga abin da na ga yana aiki.

Iyaye, ku mayar da kallo fili. Waya ta kwana a ɗakin uwa ko uba, ba a shimfiɗar yaro ba. Ku tambayi yaro me ya kalla, ya ba ku labarin da bakinsa, domin a wajen ba da labari ake gane abin da ya tsaya masa a rai. Ku san mai tura fim na unguwarku kamar yadda iyayenmu suka san mai gidan kallo. Ɗan gari ne, kuma idan kwamitin iyayen ɗalibai ya zauna da shi cikin mutunci ya roƙe shi ya ware abin da ba ya tura wa ƙananan yara, da wuya ya ƙi.

Ƴan uwana malamai, minti 10 sun isa. Ku tambayi aji yadda ake haɗa jinin fim, wa ke riƙe da kyamara lokacin da jarumar ke ihu ita kaɗai, me ya sa aka sa wannan kiɗan a wannan wuri. Yaron da ya gane cewa fim sana'a ce ta mutane masu neman abinci, tsoronsa yana raguwa, sha'awar bos ma tana raguwa. Ku kuma koya musu abin da fim ba ya koyarwa: ko wanda ka sani ne, ko malaminka ne, ba ka bin sa wani wuri sai da sanin gida.

Masu tsofaffin kaset da faya-fayai kuma, kada ku zubar. Zafi da ƙura da karcewa suna cin su, kuma fina-finan Hausa da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000 ba su hau intanet ba. Ku ajiye su a tsaye cikin kwalayensu, nesa da rana, ku rubuta shekara da wurin da aka saya. Na kisan ku ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kai. Na Hausar kuma ku sauko da su wata rana bayan sallar isha, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kalla tare, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.